Allon da Aka Bari a Zaure

Wanda ya fito daga garin Bagudo da hantsi, ya ƙetare kogin Kwara ta gadar Tuga, ya miƙa wajen Ka'oje da Illo, zai yi ta ratsa ƙasa wadda Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi wa baiwar ruwa da fadama, inda gonakin shinkafa da na albasa da garkunan shanu suke bin juna a gefen hanya, har ya isa Lolo ko Tsamiya, wurin da aka ce Nijeriya ta ƙare Jamhuriyar Benin ta fara. Ko da yake mutanen wurin, waɗanda suke zuwa biki da ta'aziyya da cin kasuwa a Madekali da Segbana kamar yadda suke zuwa Zagga, ba su cika tunawa da iyakar ba sai ran da suka ɗauko buhu.

A wani ƙauye na wannan yanki, wanda zan sakaya sunansa saboda haƙƙin maƙwabtaka da ke tsakanin mutanen da zan ba da labarinsu, na yini a zauren wani alaramma, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya yi shekaru yana karantar da yaran garin tun iyayensu suna ƙanana. Alluna suna jingine a jikin bango, manya a baya ƙanana a gaba, kowanne da rubutun da aka yi masa da asuba. Ga kurtun tawada da alƙaluma a gefen buzu, ga gafaka rataye a ƙusa, ga kuma tokar wutar karan da aka yi karatun dare a kanta ba a kwashe ba tukuna. Sai dai akwai allo guda da aka ware daga 'yan'uwansa, aka kifa fuskarsa ga bango, ƙura ta hau wuyansa. Da na nemi izini na juya shi, sai na ga ba a wanke shi ba, tawadar ta dushe ta yi ja-ja, rubutun kuwa ya tsaya a tsakiyar Suratul Ƙasasi.

Na ce, “Allah gafarta Malam, mai wannan allo ya rasu ne?”

Ya yi murmushi ya ce, “Yana nan da ransa, ɗana, yana birni. Shekara bakwai munka yi da shi. Da hannuna na rubuta mai babbaƙu, da hannuna na yi mai farfaru, ya sauke, ya dawo ya kama hadda, har ya riƙe izu ashirin. Da anka yi musabaƙa ta ƙaramar hukuma, ni na ɗauke shi a bayan mashin. Sati biyu da dawowarmu sai ɗan kabu-kabu ya tsaya nan ƙofa, ko sauka bai yi ba, ya ce uban yaro ya ce a gaya mini an kai shi makarantar kwana.” Ya yi shiru jim kaɗan yana juya tasbaha, sannan ya ƙara da cewa, “Ni ma wurin malamai huɗu na yi karatu, ban ce kada ya tafi ba. Amma ko akuya ka ba mutum kiwo shekara bakwai, ran da za ka kwance ta ai kā yi mai sallama.”

Domin a fahimci abin da ya raba wannan yaro da allonsa, wajibi ne a san abin da musabaƙa ta zama a ƙasar nan. Tun shekarar 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, ana zagayawa da ita daga jiha zuwa jiha. An yi ta a Gusau a 2022, aka yi a Damaturu a 2023, sannan a watan Disamba na 2024 Birnin Kebbi ta karɓi baƙuncin karo na 39. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, an kasa ta hawa-hawa, daga masu izu biyu, zuwa masu izu goma da tangimi, da masu ashirin, da masu arba'in, da masu sittin, har zuwa matakin ƙoli na izu sittin da tafsiri, maza da mata kowa da nasa zauren. Yaro kan fara daga ƙaramar hukumarsa, in ya tsallake ya je matakin jiha, inda ƙananan hukumomi 21 na Kebbi suke karawa, in ya sake tsallakewa ya sa rigar jiharsa ya tafi ta ƙasa, inda ake naɗa wa gwarzon shekara rawani a gaban sarakuna da gwamnoni. Daga can kuma ƙofa a buɗe take zuwa gasar Sarki Abdul'aziz da ake yi a Makka tun 1979, ko ta Dubai da aka fara a 1997.

Ba kuwa rawani kaɗai ake samu ba. Ana ba da motoci, da kujerun Hajji, da kuɗi masu kauri, da babura da kekunan ɗinki ga na ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi waɗannan duka a idon uba mai hangen nesa kuwa shi ne gurbin karatu. Kowa ya san marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a masallacinsa na Ɗorayi a Kano a 2007, ta ƙofar musabaƙa sunansa ya fara fita a ƙarshen shekarun 1980, daga nan ya wuce Jami'ar Musulunci ta Madina. Saboda haka idan manomin albasa na bakin Kwara ya ji ɗansa ya yi na ɗaya a Bagudo, ba ya ganin agogon bango da atamfar da aka miƙo masa, Madina yake hangowa. Ni kuwa ban ga laifinsa a kan wannan hange ba.

Na sami uban yaron a rumfarsa ranar kasuwa, yana auna shinkafa, kuɗin naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗayan. Mutum ne mai fara'a, bai kuwa ɓoye mini komai ba. Ya ce, “Malam, Alaramma ubana ne, ni ma a gabansa na yi Fatiha. Amma ran musabaƙar nan ina zaune ina kallo. Yaron nan bai yi gyara ko ɗaya a hadda ba, ba a kaɗa mai ƙararrawa ba, amma da anka zo makin tajwidi sai ga ɗan da bai kai shi riƙo ba yana neman wuce shi. Wani malami ya ja ni gefe ya ce, Alhaji, in ka bar yaron nan a ƙauye, iyakarsa ke nan. Ba ni shi, ba za ka biya ko sisi ba, ci da sha da sabulu duk namu.” Na tambaye shi dalilin da ya hana shi zuwa da ƙafarsa ya yi wa Alaramma sallama. Ya sunkuyar da kai yana share bakin tiya da hannu, ya ce, “Kunya. In na zauna gabansa ya ce mini a'a, ba ni iya tsallake maganarsa.”

A nan ne na gane cewa mutanen nan biyu ba su yi saɓani a kan tafiyar yaro ba ko kaɗan, domin malamin ya ce da an tambaye shi da ya yarda, uban kuwa ya guje shi ne don tsoron kada ya ƙi. Kunyar da aka yi don girmamawa ita ce ta haifi abin da ya fi kama da raini.

Maganar tajwidin da uban ya kawo kuwa gaskiya ce, tana da tushe mai zurfi wanda ya wuce ƙauyensu. Karatun allo na ƙasar Hausa da Barno, tun zamanin da Musulunci ya shigo ta hanyar Magrib, a kan ruwayar Warshu yake, da rubutun da ake ɗiga wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, a ɗiga wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Makarantun haddar zamani kuwa, mafi yawansu ruwayar Hafsu suke bi, da mus'hafin Madina mai shafi 604 da layi goma sha biyar a kowane shafi, wanda maɗaba'ar Sarki Fahad ta cika duniya da shi tun tsakiyar shekarun 1980. Suna kuma karantar da ƙa'idojin furuci daga Tuhfatul Aɗfali da Jazariyya, suna auna madda da gunna kamar yadda mai awo yake auna hatsi. Ba a hana mai Warshu shiga musabaƙa ba, ruwaya ce ingantacciya mutawatira. Amma alƙalai suna bin makhrajin kowane harafi, suna rage maki a kan lahani bayyananne da ɓoyayye, alhali kuwa da yawa daga alarammominmu, waɗanda za su iya rubuta Alƙur'ani da ka daga farko har ƙarshe ba su tsallake wasali ba, su kuma faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo da inda ta zo, ba su taɓa zama sun karanci waɗannan ƙa'idoji da sunayensu ba. Ilminsu teku ne, sai dai ba shi ne ake aunawa a kan mumbarin gasa ba.

Yaron da aka ɗauke daga wannan zaure aka kai waccan makaranta, shi ne yake biyan kuɗin canjin da harshensa. Wanda ya saba ɗauke wasalin hamza ya ɗora wa harafin da ke gabanta, ya saba karkatar da wasu alifai, ya saba jan madda har shida, yanzu an ce ya bar duk wannan. Wanda haddarsa take manne da surar allonsa da rubutun malaminsa, yanzu an ce ya manna ta da kusurwar shafin bugu. Wani malamin tahfizi mai adalci ya gaya mini cewa irin waɗannan yara sukan yi watanni suna cakuɗa ruwaya biyu a aya ɗaya, kuma wanda aka yi wa gaggawa aka tura shi gasa kafin harshensa ya zauna, yakan dawo da makin da bai kai na da ba, sai uban ya fusata ya sake ɗauke shi zuwa makaranta ta uku. Ya ce ya san yaran da suka zaga makarantu huɗu a shekara biyar, kowace ta karɓe su da murna saboda sunan da suka zo da shi, ba wadda ta riƙe su har ta san inda haddarsu take yoyo.

To, shin barin malami zuwa wani malami aibi ne a shari'a ko a al'adar malamanmu? Wanda ya ce haka bai karanta tarihin ƙasar da yake zaune a cikinta ba. Bagudo a ƙarƙashin masarautar Gwandu take, wanda ya kafa masarautar kuwa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, ba don komai ba sai don ya jera malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su, ya fara da mahaifinsa wanda ya karantar da shi Alƙur'ani, ya bi da wansa Shehu Usmanu wanda aka miƙa shi gare shi yana ɗan shekara goma sha uku, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da littafin da aka karanta a gabansa. Shi kansa Shehu, Allah Ya yi masa rahama, ya zauna gaban Usmanu Binduri, ya zauna gaban Muhammadu Sambo, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas; daga baya ma ya saɓa wa Malam Jibrilu a fili a kan mas'alar kafirta mai aikata manyan zunubai, amma bai taɓa daina ambatonsa da girmamawa da yi masa addu'a ba. Yawon wa'azinsa kafin hijirar 1804 ya kawo shi ƙasar Kabi, har ya ƙetare Kwara ya isa Illo, wato wannan ƙasa da muke magana a kanta. Ta nan kuma a zamanin da ayarin fataken goro suke bi zuwa Gwanja, malamai da almajiransu suna biye da su, suna yada zango a garuruwan Dendi da Bargu, ɗalibi ya ɗauki littafi a wannan zango ya ƙarasa shi a wancan. Rihla don neman ilmi gadonmu ce.

Amma rihlar magabata tana da ladubba waɗanda suka tsare ta daga zama yawon banza. Ɗalibi yakan ƙare abin da ya zo ɗauka, ya nemi izini, malamin ya yi masa addu'a, sau da yawa ma shi zai ce masa, tafi wurin wane, ya fi ni sanin wannan fanni. In ya isa can kuma, abin da za a fara tambayarsa shi ne wurin wa ya yi karatu, domin isnadi shi ne takardar shaidarsa, mutumin da ba ya iya ambaton malamansa kuwa ba a ɗaukar ilmi daga gare shi. Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allimi, wanda ake karantawa a makarantun zaure, ya shawarci ɗalibi ya yi wata biyu yana nazari da shawara kafin ya zaɓi malami, don kada daga baya ya buƙaci barinsa ya juya masa baya, albarkar karatu ta tafi. Abin lura a nan shi ne, nauyin da ya ɗora wa mai zaɓe tun farko ya fi wanda ya ɗora wa mai tafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da na koma ga littattafan mazhabarmu, shi ne na tarar fukaha'un Ƙairawan sun riga sun zauna a kan wannan mas'ala tamu fiye da shekara dubu da suka wuce, kamar suna kallon zauren Alaramma. Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya yi littafi a kan ladubban masu karantar da yara, Alƙabisi kuma, wanda ya rasu a 403, ya faɗaɗa bayani a kansa. A ciki sun tattauna hukuncin uban da ya cire ɗansa daga hannun malami alhali yaron ya kusa sauka, ya kai shi wurin wani ya ƙarasa, suka tabbatar cewa kyautar sauka haƙƙin malamin farko ce, domin shi ya sha wahalar da ta kai yaron bakin gaci. Ba su ce uba ba shi da ikon ɗauke ɗansa ba; ikonsa ne. Sun dai hana shi ya tafi da guminsa na wani. Idan aka yi ƙiyasi, wanda ba ni da matsayin yin fatawa a kansa amma ina da ikon tambaya, mene ne hukuncin mota ko kujerar Makka da yaro ya ci da izu ashirin ɗin da ya haddace a ƙauye, bayan wata shida kacal a makarantar birni?

Har ma waɗanda ba su san ɗan Sahnunu ba hankali ya kai su kusa da inda ya tsaya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta wajabta wa ƙungiyar da ta ɗauki matashin ɗan wasa ta biya diyyar horo ga ƙananan ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana ɗan shekara 12, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata domin a raba musu. A Amurka kuwa, inda ake da wata gasa ta yara, galibinsu mata, masu tsalle-tsalle da kirari da ɗaga juna sama, wadda ake yin babban taronta kowace shekara a birnin Orlando, ba su da irin wannan doka, sai ka ji kukan masu horarwa iri ɗaya ne da na Alaramma: sun ɗauki yarinya tun ba ta iya tsayuwa da ƙafa ɗaya ba, ran da ta gwanance sai uwarta ta kai ta gidan horon da ya fi yawan kofuna. Ban kawo wannan don in daidaita Littafin Allah da wasa ba, Allah Ya kiyaye. Na kawo shi ne don a ga cewa duk inda aka sa gasa da kyauta a tsakanin yara, halin iyaye ɗaya ne, ko a Orlando ko a Lolo.

Ba iyaye kaɗai ke da alhaki ba. Makarantar kuɗi tana rayuwa ne da suna, sunan kuwa a wurin musabaƙa ake samunsa. Ɗalibi guda da ya ci jiha ya fi allon talla goma jawo sababbin ɗalibai, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga wakilan makarantu suna zaune a bayan zauren gasar ƙaramar hukuma, ba su kawo ɗalibi ko ɗaya ba, suna rubuta sunayen 'ya'yan wasu. Renon yaro daga babbaƙu shekara bakwai ne, ɗauko wanda aka rena kuwa kuɗin mota ne. Wani lokaci kuma canjin makaranta yakan zo da canjin aƙida a ɓoye cikinsa, yaro ya tafi yana ɗan gidan ɗariƙa ya dawo hutu yana gyara wa kakansa salla, ko kuwa akasin haka. Wannan kuwa wuta ce da ba na son in hura ta a nan. Akwai kuma ƙorafin da ake yawan ji a bakin malamai, na 'yan haya, wato gwanin da ake ɗaukowa daga wani wuri a sa masa rigar garin da ba nasa ba.

A bakin iyaka wannan ƙorafi na ƙarshe yana da wuyar warwarewa, domin yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu, ba ta tambayi kowa inda kakarsa take ba. Yaro zai iya kasancewa an haife shi a Segbana, uwarsa 'yar Tsamiya, yana jin Hausa da Dendi da yaren Boko da ɗan Faransancin makarantar gwamnati, ya yi karatun allo wurin kawunsa a Illo. In ya yi fice, ɗan wace ƙasa ne? Mutanen tsallake da dama suna turo 'ya'yansu wannan ɓangare neman Alƙur'ani, kamar yadda na nan suke bin kasuwar Malanbil, ko rufe iyakokin da gwamnatin tarayya ta yi a watan Agusta na 2019 ma, wanda ya tsayar da manyan motoci, bai tsayar da almajiri mai allo a hammata ba. Malamin ƙauyen tsallake shi ne ya fi kowa asara a wannan ciniki: in ɗalibinsa ya ƙetaro, daga ƙauye zuwa Bagudo, daga Bagudo zuwa Birnin Kebbi, daga can wataƙila Sakkwato ko Kano, to, ko labarin nasararsa ba lalle ya iso masa ba, balle tukuici.

Sha'anin 'yan mata ya ɗan bambanta, don uba bai cika yarda 'yarsa ta yi nisa ba, sai dai a matsar da ita daga Islamiyyar unguwa zuwa ta wata unguwa. Amma a nan ɗin ma ciwon ya fi tsanani, saboda malamar da aka bari da wadda aka koma wurinta suna haɗuwa a gidan suna da gidan biki, uwar yarinya kuma tana tsakaninsu tana sunne kai. Tun da 'yan matan Arewa suka fara ciyo gasar ƙasa da ƙasa, kamar yadda wata 'yar jihar Gombe ta yi a Jodan a 2024, iyaye mata sun shiga wannan lissafi da ƙarfinsu, su ne ma suka fi bin diddigin wace makaranta ce ta fi fitar da gwanaye.

Ni dai ra'ayina, wanda na san wasu abokaina malaman allo ba za su ji daɗinsa ba, shi ne uban nan ya yi daidai da ya nema wa ɗansa tajwidi, kuma da Alaramma ya riƙe yaron don kada a ce ɗalibinsa ya bar shi, da ya zalunce shi. Akwai malaman da suke yi wa iyaye barazana da cewa albarka za ta gushe, alhali abin da suke tsoron gushewarsa kuɗin Laraba ne da hannun da ke taya su noma. Amma takardar shiga musabaƙa da take tambayar sunan ɗalibi da makarantarsa ta yanzu, ba abin da zai rage ta in an ƙara mata layi guda na sunan wanda ya fara ɗora masa alƙalami; mai sanarwa da yake jero sunan gwamna da kwamishina da shugaban kwamiti kafin ya kira gwarzo, ba zai shaƙe ba in ya ƙara sunan wani tsoho na bakin Kwara; jihar da take iya ba yaro mota kuwa tana iya ba malaminsa na farko buhun gero da rawani. Waɗanda suka gaji mai Ida'un Nusukhi bai kamata a koya musu wannan ba.

Kafin in bar ƙauyen na koma zauren da la'asar don in yi bankwana, sai na tarar hutu ya kawo yaron gida, uwarsa kuma, ba da sanin uban ba, ta aiko shi da ƙwaryar fura da goro. Ya yi tsawo, yana sanye da farar jallabiya da hula mai raga irin ta 'yan makarantar birni, ya durƙusa nesa da buzu kansa a ƙasa. Alaramma bai tambaye shi dalilin tafiyarsa ba, bai kuma ambaci ɗan kabu-kabu ba. Ya dube shi ya ce, “Ina ka kai?” Yaron ya ce, “Izu talatin da biyar, Allah gafarta Malam.” Ya ce, “To, ja mini daga inda munka tsaya.”

Yaron ya gyara zama ya fara, da murya mai sanyi da makhraji tsaf, a ruwayar Hafsu. Almajiran da ke tilawa a waje suka yi tsit suka leƙo. Na ga leɓen tsohon yana motsi tare da shi, sau biyu yana buɗe baki zai yi gyara a wurin da ruwayoyin suka rabu, sai ya tuna ya haɗiye. Can wajen ƙarshen surar yaron ya yi tuntuɓe a wata aya mai kama da 'yar'uwarta da ke wata sura, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Alaramma, idonsa a rufe, ya jefa masa kalma ɗaya, yaron ya cafe ya wuce.

Da ya kai aya ta ƙarshe, tsohon ya shafa addu'a, ya miƙa hannu ya jawo allon nan mai ƙura, ya ba wani ƙolo da ke bakin ƙofa, ya ce ya je ya wanke shi, a kawo ruwan a ba mai shi ya sha, allon kuwa a shafa masa farar ƙasa, akwai wani yaro da aka kawo jiya daga Madekali ba shi da allo.